Kawu Ilu da Gwiwar Akawal

Kun dai san Kawu Ilu, ba ya gaida mai doki sai ya fara gaida dokin. Kana ta sallama, shi yana tsugune yana matsa gwiwar dabba, sai ya gama ya ɗago: "Af, ashe da mutum a sama!" Zama kuwa bai iya ba. Ko shayi a tsaye yake sha, yana kewaya turke.

Da gwiwar Akawal, baƙin dokinsa na sukuwa, ta kumbura, na ce, "Kawu, a kira likitan dabbobi daga Gumel, akwai allurar da ake yi a cikin gaɓa."

"Kai dillalin awaki, me ka sani a gaɓa?"

Ya shafa man kaɗanya, ya ɗaura kanwa. Gwiwa ta koma kamar tulu! Kawu ya daina cin abinci, sai kaiwa da komowa tsakanin ɗaki da barga. Ƙarshe ya ce, "Ɗauko likitan. Amma ka ce kai ka matsa."

Likita ya aske wurin, ya wanke, ya soka allura. Ya ce, "Baba, kumburi zai sauka, amma ciwon yana nan. A bar shi ya huta. In ya yi gudu yanzu, ya nakasa."

Kawu ya naɗe ƙafar wando. "To ragowar fa? Tawa ma ƙara take yi."

"Ta doki ce, Baba!"

"Yo ba gero ɗaya muke ci ba?"

Da ɗingishi ya ɓace, na kawo wani alhaji mai son sayen dokin daga kasuwar Maigatari. Na gaya masa batun allurar, ya ce ba komai, ya taya da kyau. Sai bakinsa ya suɓuce: a makon nan zai sa shi tsere a Sule Tankarkar. Kawu ya fizge linzami.

"Allura ce ke tafiya, ba doki ba! Sale, raka baƙonka."

Wallahi har tasha ina ba mutumin haƙuri.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, ya riƙe hannuna. "Na san ka, ɗan nan, ko inuwarka aka taya sai ka sallama. Dokin nan kam, a'a."

Akawal yana gidana yana cinye mini harawa. An taya, an sake tayawa, ban ko ɗaga kai ba. Bai ƙara tsere ba, amma ƙafa huɗu yake takawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa dabbar da ba ta da bakin faɗin ciwonta.