Lawali, Ganguna Sun Yi Shiru a Gabi

Bana shekara tara ke nan da muka kai wana Lawali makwancinsa a Madarunfa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba. Sau biyu mutanen unguwarmu suka zaɓe shi konseye, wato kansila, a meri, majalisar garinmu, kuma duk sa'ad da aka zo rabon aiki sai ya ɗauki sashen da kowa ke gudu, wato al'adu da matasa. Abokan aikinsa na rige-rigen kasuwa da tasha, suna mishi dariya, suna kiransa konseyen makaɗa.

Sunan bai taɓa damunsa ba. Da kaka, bisa tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu yake zagaya ƙauyukan Safo da Gabi yana haɗa kokawa tsakanin samari. Ya tattaro tsofaffin makaɗa ya kai su rediyon gari aka ɗauki muryoyinsu, cikinsu har da Tanko, wani mai gangar noma daga wajen Gabi. Da damina shi ke kiran gayya a gonakin matan da mazansu suka rasu. Na sha ganinsa ya dawo wando duk laka alhali ana jiransa wurin taro.

Makaɗan nan ne suka ja mishi faɗuwa. Da zaɓe ya matso, manyan jam'iyyarsu suka ce ya kawo su su yabi ɗan takara, su zagi na ɗaya ɓangaren. Ina zaune a zaure lokacin da ya ba ɗan aiken amsa: "Ka ce musu Tanko makaɗin kowa ne. In ya zagi rabin gari yau, gobe bikin wa za ya je?" Manyan suka cire sunansa daga jerin 'yan takara. Ba a daɗe ba ciwon hanta ya kwantar da shi. Manyan sun zo gaisuwa cikin motoci, amma 'yan kokawa ne suka ɗauki makararsa.

Ban san abin da Lawali zai ce ba da ya ga yau. A ƙauyukan Gabi an daina kiɗa wurin biki, don ganga tana sanar da masu satar mutane cewa ga gidan da ke da taro. A ɗaura aure da hantsi, kowa ya kama gabansa. Gonakin bakin daji sun koma saura. Na je rediyo neman kasetocin muryoyin makaɗan nan, aka ce mini ruwa ya shiga ɗakin, gara ta ƙarasa sauran. Wani lokaci nakan ce Allah ya sauƙaƙa mishi ne da ya ɗauke shi da wuri, sai kuma in yi istigfari.

Watan jiya na gamu da Tanko a bakin kasuwa, ya rame ƙwarai. An ɗauke ɗansa Rabe daga gona tun bara. Ya sayar da shanu ya kai kuɗin fansa, ba a sako shi ba, ƙauyen ma duk sun gudo. Na tambaye shi ganga.

"Ƙanen konseye," ya ce, "da hannuna na yanke fatar. Wa zan kira da ita?"

Babu titi ko ɗakin taro mai sunan Lawali, kuma ba na tsammanin za a yi. Amma da na tambayi Tanko inda suka sauka, sai ya ce gidan wani mai gyaran moto ne, wanda Rabe ya taɓa kayarwa a fili gaban jama'a. A kokawar da Lawali ke haɗawa suka san juna. Shi ya kwashe kayansa daga ɗaki ya ba su, shi ke ciyar da matar Rabe da 'ya'yansa, ba dangi ba komai. Tanko ya ce gidajen da suka fara buɗe wa mutanen ƙauyensu ƙofa, yawancinsu na tsofaffin 'yan kokawa ne.

Abin da na iya samu ya rage na wana ke nan. Allah ya jiƙan Lawali. Allah ya maido da Rabe gida da ransa.