Sunana Da Na Ba Kwamfuta Aro

Ni direban a-kori-kura ne. Albasa nake ɗauka daga Mafara zuwa kasuwannin ƙauye, kuma karatuna bai wuce haɗa baƙi ba.

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo mini, ba da nufi ba. Tana aiki da wata ƙungiya mai manhajar gargaɗi: wanda ya ga 'yan bindiga ya tura saƙo, manhajar ta raba wa wayoyin ƙauyukan kusa. Aikinta gwada manhajar. Wata rana ta zo gaishe ni, ta ce, “Kawu, ara mini sunanka da lambarka.”

Na ce, “Ki yi mi da su?”

Ta ce kullum da safe kwamfuta kan gwada kanta. Sai ta yi kamar mutum, ta shiga da suna, ta tura rahoton ƙarya, a ga ko ya isa. Wannan guntun na shiga da suna sau ɗaya ake rubuta shi, kowane gwaji ya ɗauka ya yi amfani da shi, kamar ƙarfen buga bulo. Ta ce saƙon ba ya fita ofis. Na ce ta ɗauka, ai suna ba ya ƙarewa.

An fi wata shida, har na manta.

Ranar kasuwar Janbako ina sauke buhuna, mai shayin da nake karyawa wurinsa ya jawo hannuna bayan rumfa. Bai ko gaishe ni ba. Ya ce, “Kai, hauka kake? Da sunanka?” Ya karanta mini daga wayarsa: wai ni, da sunan mahaifina da lambata, na ga mutane da bindigogi bisa babura sun nufo gari.

Ban ga kowa ba. Amma a ƙasarmu kowa ya san abin da ake yi wa mai kai rahoto, kuma ba ka san wanda ke kai wa 'yan bindigar labari cikin kasuwa ba. Na duba, rabin kasuwa na kallon waya. Wasu sun fara naɗe kaya. Wani mai rawani da ban sani ba ya tsaya yana duba lambar motata. Wataƙila albasa yake so. Ban tambaya ba.

Na kira ɗiyar ƙanwar tawa. Ta bincika, sannan ta ce wani abokin aikinta ya haɗa sabon gwaji na yankin Maradun, inda Janbako take, ya ɗauki guntun nan nata, ya jona shi da lambobin mutane na gaske.

“Kawu, yanzu zan cire. Wuri ɗaya ne, in na canza ya canza ko'ina.”

Na ce, “Wayoyin Janbako fa, su ma wuri ɗaya ne?”

Sai na ji tana kuka.

Na bar wa mai shayi albasar. Na tuƙo, duk babur da ya bayyana a madubi sai na yi kalmar shahada. 'Yan ƙungiyar sun tura saƙon gyara, sun ce kuskure ne, babu suna a ciki. Ban san wa ya karanta ba.

Na karya layin wayar, na sake wa motar fenti. Yanzu Morai da Bakura kaɗai nake zuwa. Mai shayin ya aiko mini sau biyu cewa ba wanda ya tambaye ni. Ban koma ba.