Rijiyar Yaya Gwadabe

Yayana Gwadabe mahaƙin rijiya ne. A gidansa na zauna bayan na fita takaba, shekarun da hukumar En'e ta fara gina rijiyoyin siminti, amma ba ta iso garinmu Dagumawa ba. Har kogi matanmu suke zuwa ɗiban ruwa. Shi ya tashi gaban dattawa ya ce zai ba su rijiya kafin damina.

A wajen Rano ya koyi aikin, ƙasar marmara, inda abin da ka sara shi kaɗai ke faɗowa. Lissafinsa ke nan: in ka ninka aiki, zurfi ya ninku. Tamu ƙasar kuwa yashi ce. Ni mai kai masa fura ina gani. Sai ya kwashe kwando bayan kwando, bango ko gezau. Wata rana kuma ɗan abin da bai cika ƙoƙo ba zai yakuto, gefe guda ya zaftaro, aikin kwanaki ya koma.

Na ce, "Yaya, yashin nan fa ba ya biyan mutum daidai guminsa."

Ya ce, "Indo, ji da carbinki. Ƙarfi za a ƙara."

Ya ƙara. Ramin sai faɗi yake yi. Barinsa kuma ba hali, ga alkawari, ga maƙwabcinmu Labaran da ba ya wucewa sai ya leƙa: "Gwadabe, rijiya ce, ko kududdufi kake wa agwagina?"

Ranar da ya tarar da danshi, ya ɗaga kai yana kira a zo a gani, ya dafa bango. Dafawar nan ce kawai. Yashi ya rufto ya kama shi har ƙirji. Maza suka jefa igiya suka ja, suna ƙara ƙarfi yashin yana ƙara matse shi, har ya yi ihu su bari. Da ludayi da ƙoƙo aka tone shi, kaɗan-kaɗan, ni ina gefe ina salati.

Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar hagu ba ta sake ɗaukarsa ba. Dattawa suka ce a cike ramin. Ya roƙe su, wai da hannunsa ya taɓa danshi, ruwan yana kusa. Suka ji kunyarsa suka ƙyale.

Kullum da hantsi nakan raka shi bakin ramin. Ba ya iya shiga, bai kuma yarda a rufe ba.