Littafin da Ya Je Gonar Shinkafa

Makullin kabad ɗin littattafai a hannuna yake, kuma duk wanda ya san ni a lokacin ya san yadda nake ji da makullin nan. Mu 'yan kaɗan ne muka haɗu a Haɗeja, ma'aikata da 'yan kasuwa da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, muka kafa ƙungiyar sa kai don koya wa yara karatu. Kowace Asabar da hantsi mukan hau babura mu nufi wata firamare a cikin fadama, inda za ka tarar da yaro a aji biyar bai iya karanta sunansa ba. Littattafan labarai da muka tattaro da roƙo da kyauta, ni aka damƙa wa su.

Ni ne kuma na kawo doka: duk yaron da ya ari littafi ya dawo da shi da datti, ba zai sake ara ba har ƙarshen zango. Tsohon hedimastan ya ce, "Littafin yara ai a hannu yake tsufa." Na ce masa irin wannan sakacin ne ya kashe makarantunmu. Ni mutum ne mai saurin hawa, in na ɗauki zafi ba na jin kira, don haka aka bar ni da dokata.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, siririya, wadda in tana magana sai ka sunkuyo kafin ka ji. Lokacin da muka fara zuwa, ko haɗa baƙi da wasali ba ta iya ba. Cikin 'yan watanni ita ce ta farko da ta isa aron littafin labari. Ta zaɓi wani mai hoton akuya a cikin kwalekwale, ta rungume shi ta tafi. A gari kuwa ba wanda ban ba labarinta ba, sai ka ce ni na buɗe mata kai da hannuna.

Asabar biyu ba ta zo ba. A ta uku sai ga ta, ta miƙo mini littafin. Wallahi da ƙyar na gane shi. Ya sha ruwa ya kumbura, gefensa duk laka, bangon ya rabu an ɗinke shi da wani baƙin zare mai kauri. Raina ya ɓaci. Na ɗaga shi da yatsu biyu a gaban aji, na ce kowa ya dubi yadda ƙazami yake riƙe littafi. Na ce mutane sun bar hutunsu sun sha rana sun kawo musu alheri, ga sakayyar. Na yi ta zuba, yara suna dariya, dariyar tana ƙara mini ƙarfi.

Kanta a ƙasa ta ce, "Malam, saura kaɗan in gama."

Na ce, "Kin gama." Na jefa littafin a ƙasan kabad na kulle.

Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Da aka yi mako uku, tsohon hedimastan ya ce mini, "Kai ka kore ta, kai za ka nemo ta." Na tafi, amma ba da niyyar ba da haƙuri ba. Wa'azi na shirya wa ubanta a kan iyayen da ba su san darajar ilimi ba, har na jera maganganun a kan babur. A gidansu aka ce suna gona, aka nuna mini hanya ta bayan dogayen ciyayin kacala.

Lokacin shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadama. Ni ɗan birni ne, a kasuwa nake ganin shinkafa. Ran nan na ga tsuntsayen suna tasowa kamar hayaƙi, su faɗa gona ɗaya, a kore su, su faɗa ta gaba. An ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, an rataya gwangwanaye da tsummokaran leda. Kowace gona da 'yar rumfa a kan sanduna, yara a sama suna jan igiya suna ihu. Ashe tun fitowar rana suke nan, kuma wanda ya sauka na awa ɗaya gidansu zai ji a tukunya. A daidai wannan lokacin muka sa darasinmu, ba wanda ya tambayi kowa.

Sai na ji wata murya ta fi sauran. Ba ihun banza ba ne, magana ce. "Ruwa ya ja kwalekwale, akuya ta leƙa ba ta ga gari ba!" Yaran gonakin gefe suka amsa da ƙarfi, gwangwanaye suka yi ƙara, tsuntsaye suka tashi. Ta kawo jimla ta gaba, suka sake amsawa. Yarinyar ce, wadda nake sunkuyawa kafin in ji ta. Ta haddace labarin. Da ta kai inda akuya ta hangi wani tsibiri sai ta tsaya, ta koma farko.

Ubanta ya fito daga cikin ruwa, wandonsa a naɗe, ya goge hannu a riga kafin ya ba ni. Ban ko buɗe baki ba ya ce, "Malam, mun ɓata muku kaya, a yi haƙuri." Ya ce yara kan wuni suna ihu har murya ta dushe, ita kuwa ta ce gara ta riƙa karanta wa tsuntsayen littafi, sauran ma su koya. Wajen jan igiya littafin ya suɓuce mata cikin ruwa. Shi ya shanya shi a kan rumfa, ya ɗinke bangon da zaren komarsa ta kamun kifi. "Da ta gaya mini abin da ya faru, na ce ta zauna, kada ta ƙara jawo mana magana."

Wa'azin da na ɗauko ya bi ruwa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yarinyar ta sauko, ta durƙusa ta gaishe ni, babu alamar fushi a fuskarta. Da ma ta yi fushin, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Malam, akuyar ta koma gida?"

Ban sani ba. Watanni ina kulle littattafan nan ina buɗewa, ina kaɗe musu ƙura, ina yi wa yara tsawa a kansu, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Ban iya faɗa mata haka ba. Na ce, "Gobe za ki gani da idonki."

Washegari na dawo da littafin, da kumburinsa da zarensa. Na cire takalmi na shiga laka har gindin rumfa, na kira ta na miƙa mata. Ta dubi littafin, ta dubi hannuwanta, sai ta mayar da su baya.

"Karɓi mana, naki ne," na ce.

"Hannuna da laka, Malam. Ka riƙe ka buɗe mini, daga nan ma ina gani."

Na roƙe ta, ubanta ma ya sa baki, ta ƙi. Haka na tsaya cikin ruwa ina juya mata shafi, ita kuma tana karantawa a hankali, hannuwa a baya, har akuya ta isa gida.

A taronmu na gaba ni da kaina na nemi a soke dokar, muka kuma mayar da darasi bayan azahar a lokacin tsuntsu. Makullin na miƙa wa tsohon hedimastan. Yarinyar ta dawo aji bayan girbi, kuma har ta gama firamare babu wanda ya kama ƙafarta a karatu. Amma duk Asabar in an buɗe kabad yara sun yi layi, ita tana zaune a bencinta. Ba ta ƙara aron littafi ba.