Keken Baba a Bayan Kunkuru

Mahaifina ya fara hawan keke tun kafin a haife ni, amma bai taɓa hawan sabo ba. Kullum na hannu ne, wanda wani ya gaji da shi, sirdi ya sha faci, birki sai an taimaka masa da ƙafa. Wata rana ina yi masa gyaran riga ya ce, kamar da wasa, shi burinsa bai wuce ya ɓare takardar keke da hannunsa ba. A lokacin sabon keke a naɗe yake zuwa, kowane ƙarfe da takardarsa, an bi ta da leda. Mutanenmu ba sa gaggawar cire ta. Mai keke ne ke ɓarewa, kaɗan-kaɗan, ranar da ya ga dama. Duk keken da ya iso hannunka tsirara, ko jiya aka ƙera shi, sunansa na hannu.

Na riƙe maganar a raina. Muna zaune a Makera a shekarun tamanin, maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni ina ɗinki a ɗaki. Da na kwashi adashi ban sayi zani ba, ban sayi kwanuka ba. Na sa aka kawo mini baƙin keke a takardarsa, na jingine shi bayan gado, na hana yara ko da yin numfashi kusa da shi. Saura kai shi ƙauyen da Baba yake noma, gaba da Gonin Gora.

Na ce a ɗauki hayar akori-kura, a kwantar da shi a baya a kan tabarma. To, maigida bai daɗe da sayen mota ba, irin ƙaramar nan mai ƙusumbi da muke kira kunkuru, wadda injinta ke baya. Tun da ya saye ta, ko gishiri ne ya ƙare sai ya tayar da ita.

"Ina da mota, a ce an ga kayan surukina a motar haya?" in ji shi.

"Malam, ba zai shiga ba."

"In bai shiga ba sai na hau shi na kai masa."

"Ka hau shi? In ka hau shi, ni kuma me na saya?"

Ya juya ya fita. Da yamma ya dawo da wani abokinsa Ibo mai walda a Kakuri, su biyu suna ta washe baki. Sun ƙera wa kunkuru kariyar ɗaukar kaya: ƙarafa biyu sun miƙe daga bambar baya kamar ƙahonni, an haɗa su da sanda a tsakiya. Mai waldan ya dake ta da tafin hannu ya ce, "No wahala, Madam, ko saniya za ta ɗauka." Na ce ni ba saniya na saya ba. Suka yi dariya, wai ina da barkwanci.

Ran Lahadi da hantsi, cikin zafin bazara, aka rataye keken Baba a jikin ƙahonnin. Maigida ya yanko roba daga tsohon tib na taya, yadda kowa ke ɗaure kaya, ya ja, ya naɗe, ya sake ja, har maƙwabta suka fito ba da shawara. Bai tsaya nan ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bargona mai kauri ya lulluɓe keken da bayan motar gaba ɗaya, wai don kada rana ta ci takardar, kuma idon mutane ya yi yawa.

Na ce, "Malam, ba nan ne wajen da injin yake huci ba?"

Ya ce, "Ke dai ki tsaya a kekenki na ɗinki."

Na shiga mota na zauna a karkace, wuyana a baya, ba abin da nake gani ta gilashin sai furannin bargona. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a haƙorana. Shi kuwa yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka.

Muna wuce unguwar Television na fara jin ƙauri. Na faɗa masa. Ya ce masu gasa masara ne. Muka bar masu masara a baya, ƙauri ya biyo mu. Na sake faɗa. Ya ce ai wani wuri ake ƙona bola. Na ce wace irin bola ce take gudu daidai da mu? Ya ce mata dai ba a raba su da tsoro, ya ƙara taka mai.

Muna shiga Gonin Gora muka ji ƙara, tau, kamar an harba bindiga a bayan kujerata. Kunkuru ta yi tari, ta yi jijjiga, ta mutu a bakin titi. Masu sayar da doya da itace suka sheƙo da ruwa a bokiti, domin bargona hayaƙi yake yi. Aka yaye shi. Bargon ya toshe ƴan ramukan da injin ke shan iska, zafi ya taru a ciki. Robar ta yi laushi ta saki, keken ya zame ya kwanta a jikin murfin inji, tayar baya ta sauka daidai bakin salansa, ita ce ta fashe. Takardar ta ƙone. Ledar ta narke ta manne da fenti, baƙa ƙirin, kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Wallahi motarsa ya fara dubawa. Da ya gama, ya zagayo ya kama kariyar ya girgiza, ya dube ni ya ce, "Kin ga ƙarfen nan? Ko gezau bai yi ba."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba. Da ba a gaban jama'a muke ba, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Muka bar kunkuru a hannun wani mai doya, muka tsayar da akori-kura. Maigida ya zauna a baya cikin buhunan masara, rungume da keken.

Mun sami Baba a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Maigida ya tsuguna ya gaishe shi, ya fara bayanin inji da iska. Na turo keken gabansa, tayar tana ja a ƙasa, hawaye suna zuba, ina jin kunya kamar ni na ƙona shi.

Baba ya miƙe ya zagaya shi a hankali. Ya shafa sirdin. Ya kaɗa ƙararrawar, ta yi ƙara tsaf. Sai ya ce, "An hau shi?"

Na ce, "A'a, Baba. Ba wanda ya hau shi."

"To, ai sabo ne."

Ya jawo kujerarsa ya zauna, ya sa farcen babban yatsa yana ƙanƙarar ledar da ta manne. Ba ta fita sai ɗan mitsitsi, shi ma da ƙyar. Maigida, da bakinsa ba ya gajiya, ya ce a kawo wuƙa da kananzir ya goge shi tas yanzun nan, har ya miƙa hannu.

Baba ya dafe ƙarfen, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Bari, Malam. Wannan aikin nawa ne."