Malam Isa, Wanda Ya Riƙe Mini Hannu

Ina wasa aska a kasuwar Basirka wani direba ya tsaya ya ce mini Malam Isa na ɗakin shan magani ya rasu da hantsi a Birnin Kudu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na mayar da askar cikin zabira, ranar ban sake taɓa kan kowa ba.

Ni wanzami ne, gado na yi. A gidanmu, in kaluluwa ta fito wa yaro a wuya, tsagawa ake yi a kafa ƙaho. Haka na yi wa Hadiza, 'yar ƙanena, tana da shekara huɗu. Na tsaga ban ga mugunya ba, sai jini. Wurin ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe ta. Ko da muka kai ta wurin Malam Isa, lokaci ya ƙure. Kwana biyu ta ƙara.

Na jira ya tozarta ni a gaban ƙanena, bai yi ba. Bayan sadakar bakwai ya zo har zaurena, ya tambaya ko muna da kyanwa. Na ce wa zai ajiye rumbu ba kyanwa? Ya nuna tulin yashin da yara ke wasa a kai, inda take binne kashinta. Ya ce akwai ƙwayar cuta, toksoplasma, da ake ɗauka daga nan ko daga naman da bai gasu ba. Takan kumbura wuyan yaro ba zafi, yawanci kuma ta sace da kanta. Amma sai an auna, domin tarin fuka ma yakan zo da wannan kama.

Na ce, “Wato da na ƙyale ta, da ta warke?”

Ya ce, “Malam Garba, ban auna jininta ba, ba zan ce maka i ba. Ba kuma zan ce maka a'a ba.”

Maganar ta ƙona mini rai, har yau tana ƙona ni. Amma haka yake, ba ya lallashin mutum da ƙarya. Duk inda muka haɗu sai ya ce, “Turo mini kafin ka tsaga.” Na yi ta turawa. Masu juna biyu kuwa ya hana su kwashe kashin kyanwa, ko da surukai za su ce ya cika tsirfa.

Jiya wata mata daga Zandam ta kawo ɗanta, wuya a kumbure, ta ce, “Baba, a taimaka a tsaga.” Na buɗe baki zan ce ta je wurin Malam Isa, sai na tuna. Na rataye zabira, na raka su asibiti da kaina.

Allah Ya jiƙan Malam Isa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yaransa haƙuri, Ya tsaya musu. Allah Ya jiƙan Hadiza, ni kuma Ya yafe mini abin da hannuna ya yi.