Ƙosan Maman Bulus

Wata Asabar cikin daminar 2006, gari ya waye da yayyafi, na fito ƙofar gidanmu a Samaru ɗauke da bokitin ƙullu, na tarar da Maman Bulus zaune a kujerar Ummata, ta ci ɗamara da gyale, tana fifita wuta hayaƙi na sa ta hawaye. Maƙwabciyarmu ce a gidan haya, mutuniyar kudancin Kaduna, gwanar fate da waƙar coci, amma ba ta taɓa suyar ƙosai ba tun da aka haife ta. Man bai gama zafi ba ta fara zuba ƙullun. Ƙosan ya nutse, ya baje, ya taso a kwance ya sha mai har wuya. Ta dube ni ta ce, "Safiya, haka na uwarki yake yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To, na yau haka zai yi."

A lokacin Umma na kwance a asibiti a Shika. Wani ƙari ne ya fito mata a ciki, likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma ba abin da za a jinkirta ba ne. Baba kuwa an sallame su daga masana'antar da yake aiki a Chikaji, kaskon Umma ne ke ciyar da mu. Liman ya so ya yi sanarwa a masallaci, matan zumunta na cocin su Maman Bulus suka ce za su zagaya da kwando. Umma ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Mace ce mai zuciya, ko gishiri ba ta son ara. Daga kan gadon ta ce, "Ba za a yi shela da sunana ba, ina da sana'ata." Maman Bulus ba ta yi mata gardama ba. Ta tattara kwanukan abinci ta ce, "Shi ke nan, Maman Safiya, sana'ar ce za ta biya."

Haka matan gidanmu suka raba kwanakin suya a tsakaninsu, kamar yadda suke raba sharar tsakar gida. Ina aji shida a firamare, ni ce na san ma'aunin komai, don haka na zama uwar ɗakin mata manya, abin ya kuma yi mini daɗi ƙwarai. Da yamma in ja ruwa a rijiya in jiƙa wake, mu surfa a turmin da ke gindin mangwaro, kaji na rububin dusa. Da sassafe in kai niƙa, in dawo in sa kayan makaranta ina warin albasa, har 'yan ajinmu suka sa mini suna Hajiya Ƙosai, a filin 'yar gala-gala ma da shi ake kirana. Ranar Juma'a bayan an tashi daga makaranta, ni da Maman Bulus mu hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari sayen wake da mai. Malam Garba mai wake zai auna mana, sannan ya yi gyara da ta kusa kai abin da muka saya, yana kallon wani gefe kamar ba hannunsa ba ne. Mai injin niƙa kuma kullum sai ya ce ba shi da canji, a bari sai gobe.

Gaskiya ƙosan bai da daɗi. Na Maman Bulus mai ne zalla, na Goggo Hauwa attaruhu ya yi masa yawa har sai mutum ya yi atishawa, na amaryar ɗakin ƙarshe kuwa waje ya ƙone ciki ɗanye. Amma ban taɓa ganin layi a ƙofarmu irin na waɗannan makonni ba. Masu fitowa daga sallar asuba su tsaya, 'yan acaɓa su jera babura, ɗaliban jami'a su zo da kwanonsu suna haɗa Hausa da Turanci. Ranar Lahadi in an tashi coci, mata masu anko su cika bakin titi. Malam Yohanna, malaminmu na lissafi, kowa ya san gyambon ciki ya hana shi cin soyayyen abu, amma kullum sai ya sayi leda guda ya raba mana a aji. Wasu su miƙa babbar takardar kuɗi, su ɗauki ƙwaya biyu, su yi gaba ina kiransu. Awakin unguwa ma sun yi ƙiba a daminar nan, ni kuwa ban tambayi dalili ba.

Duk sanda muka je dubiya, da ɗokina nake ba Umma labarin kasuwa, in ce mata kafin rana ta ɗaga bokiti ya ƙare. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ai sun saba da wurin." Da abin da kaskon ya tara aka sayi magani, aka shigar da ita ɗakin tiyata. Ranar da aka fito da ita lafiya, Goggo Hauwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, Maman Bulus ta ja waƙa da yarensu tana rawa da ludayi a hannu, ni kuma na shige bayan ɗaki na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

An sallamo Umma lokacin da masarar bayan gida ta fara bushewa. Ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Washegari da safe tana zaune a tabarma tana shan hantsi, Maman Bulus ta kawo mata ƙosai a faranti, da fara'arta. Umma ta ɗauki ɗaya ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa, ta dubi man da ya jiƙa mata yatsu, ta dubi matan gida ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ne mutane suka yi wa layi?" Kowacce ta sami abin yi da hannunta. Na ga idon Umma ya ciko, na ji tsoron za ta yi fushi. Sai ta goge fuska da gefen zani, ta cinye sauran, ta ce, "Maman Bulus, gobe ki zo in koya miki bugun ƙullu, kafin ki kashe mini jama'a." Ba ta ƙara tada maganar ba. Amma da ta koma bakin kasko, gyararta ta ninka, kuma Malam Yohanna kullum sai ya tarar da kofin koko na jiransa.

Yanzu neman taimako a waya yake iso ni, da hoton marar lafiya a kan gado da lambar asusu a ƙasa. Nakan tura abin da ya sawwaƙa, kuma na san yana ceton rai. Sai dai nakan tuna unguwar da ta yarda ta ci mai da ɗanyen ƙullu kowace safiya don kada a ce an yi wa mace ɗaya sadaka. Na ci ƙosai a garuruwa da yawa, ban ci marar daɗi kamar na Maman Bulus ba, kuma shi nake kewa.